Adana Tarihin Gyare-gyaren Fayil a Kwamfuta: Bayani ga Masu Farawa

Duk wanda ya taɓa rubuta doguwar takarda a kwamfuta ya san wata matsala, ko da bai san sunanta ba. A ɗauka a ce ɗalibi ne yake rubuta kundin kammala digirinsa. Ran da ya fara, sai ya sa wa fayil ɗin suna "kundi". Da malaminsa ya duba babi na farko ya yi gyara, tsoro ya kama shi kada tsohon rubutun ya salwanta, sai ya kwafe shi ya sa wa sabon suna "kundi 2". Kafin wata shida sai ga "kundi na ƙarshe", ga "kundi na ƙarshe gyararre", ga kuma "kundi wanda malam ya gani", wasu a cikin kwamfuta, wasu a filashi, wasu kuma a akwatin imel. Ranar da za a kai wa mai buga takardu, ɗalibin nan ba zai iya rantsuwa a kan wanne ne na gaskiya ba. Mai yiwuwa ne ma ya miƙa wanda ba shi da gyaran babi na uku, alhali kuwa a kan wannan gyaran ya ɓatar da mako biyu.

Haka abin yake ga sakataren ƙungiya mai riƙe da tsarin mulkinta da jerin sunayen 'ya'yanta, da ɗan kasuwa mai lissafin bashi, da mai fassara, da malamin makaranta mai shirya tambayoyin jarrabawa. An shirya wannan bayani ne domin a nuna wa jama'a cewa akwai hanyar da ta fi tara kwafi, watau a riƙe fayil ɗaya tak, a bar wata manhaja ta riƙa rubuta tarihin duk gyaran da aka yi masa, da ranar da aka yi, da wanda ya yi, da kuma dalili. Masu rubuta manhajar kwamfuta sun fi shekara 50 suna aiki da wannan dabara. Babu abin da ya hana sauran jama'a cin moriyarta, musamman da yake kyauta ce.

Darasi daga ofishin rajista

Wanda ya taɓa aikin gwamnati ba zai ga baƙon abu a nan ba. A ofishin rajista na kowace ma'aikata, fayil ɗaya ake buɗe wa kowace magana. Duk takardar da ta shigo sai a huda ta a ɗaure a ciki, a ba ta lambar shafi bi da bi. Jami'in da ya yi sharhi sai ya sa hannu ya rubuta kwanan wata, kuma ba a yage shafi don wani ya sake shawara; sabon sharhi ake ƙarawa a bayan tsohon. Saboda haka in aka zo bayan shekara goma ana tambayar wa ya ba da umarnin kaza, yaushe, kuma a kan wane dalili, fayil ɗin da kansa zai ba da amsa.

Kwamfuta kuwa ba haka ɗabi'arta take ba. Da zarar mutum ya danna maɓallin adanawa, sabon rubutu ya hau kan tsoho ya shafe shi. Maɓallin janye gyara yakan taimaka, amma a yawancin manhajoji ƙarfinsa yana ƙarewa ne da zarar an rufe fayil ɗin. Abin da manhajar adana tarihi take yi shi ne ta mayar wa kwamfuta da tsarin nan na magatakarda: kome ya shiga da lambarsa, ba a yage shafi.

Asalin wannan dabara

A shekarar 1972 ne wani injiniya mai suna Marc Rochkind ya ƙirƙiro manhajar SCCS a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka. Bayan shekara 10, watau a 1982, Walter Tichy na Jami'ar Purdue ya fito da RCS. Dukansu biyu fayil ɗaya ɗaya suke kula da shi. Sa'an nan CVS ta biyo baya a 1986 daga hannun Dick Grune a birnin Amsterdam, aka kuma fara aikin Subversion a shekarar 2000. Waɗannan biyu na baya sun ba mutane da yawa damar yin aiki tare, sai dai tarihin duka yana zaune ne a wata babbar kwamfuta guda, wanda bai samu hanyar kaiwa gare ta ba kuwa ba shi da halin rubuta kome a cikin tarihin.

Wadda ta fi yaɗuwa a yau ita ce Git. Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finlan wanda ya fara rubuta Linux a 1991, shi ya ƙirƙiro ta a watan Afrilu na 2005. Dalili kuwa shi ne tun daga 2002 masu aikin Linux suna amfani da wata manhaja ta kamfani mai suna BitKeeper, sai aka sami saɓani, kamfanin ya janye izinin amfani da ita kyauta. A watan Yuli na wannan shekarar ta 2005 Torvalds ya miƙa ragamar Git ga Junio Hamano. Abin da ya bambanta ta da na gabanta, kuma abin da ya sa aka zaɓe ta a wannan bayani, shi ne tarihin gaba ɗaya yana zaune a cikin kwamfutar mai shi. Ba a bukatar intanet don a adana gyara, ko a duba tsohon rubutu, ko a koma baya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake sayen data da kuɗin aljihunsa, ko yake zaune inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa.

Kalmomi uku da ya kamata a riƙe

Ta farko ita ce rumbu. Idan aka umarci Git ta fara kula da wata folda, sai ta buɗe wata ɓoyayyiyar folda a cikinta mai suna .git, a nan take tara tarihin duka. Wannan ita ce rumbun. Mai karatu ba shi da bukatar buɗe ta, balle ya taɓa abin da ke ciki. Ya dai sani cewa in ya goge ta, tarihin ya tafi, ko da yake fayilolinsa na yanzu suna nan yadda suke.

Ta biyu ita ce zango. Kamar yadda fatake suke yada zango a hanya, haka mai rubutu yake tsayawa a wani matsayi na aikinsa ya ce wa Git ta riƙe masa siffar fayilolinsa yadda suke a wannan lokaci. Kowane zango yana ɗauke da suna, da kwanan wata da sa'a, da ɗan bayani, da kuma wata doguwar lamba mai haruffa da alƙaluma 40 wadda Git take lissafowa daga abin da ke cikinsa. Ba sai an haddace ta ba. Haruffa 7 na farko sukan wadatar. Kalmar da Git take amfani da ita ga wannan aiki ita ce commit, kuma za a gan ta a cikin umarnin da ke tafe.

Ta uku ita ce shimfiɗa. Kafin a ɗaure kaya akan baje su a tabarma a zaɓi wanda zai shiga wannan ɗauri da wanda zai jira na gaba. Git ma haka take: ba kowane gyara take kai wa zango ba, sai wanda aka ɗora mata a shimfiɗa da umarnin add. Masu farawa da yawa sukan ga wannan mataki kamar ɓata lokaci. Amfaninsa yana bayyana ne ranar da mutum ya gyara abubuwa biyu da ba su da dangantaka, yana so kowanne ya sami zangonsa da bayaninsa dabam.

Yadda ake farawa

Ana samun Git kyauta a shafin git-scm.com. Mai amfani da Windows zai sami wata taga mai suna Git Bash tare da ita, a nan ake rubuta umarni. Masu Linux da Mac suna da irin wannan taga tun asali, sunanta Terminal. Baƙin allon nan da babu hoto a cikinsa yakan razana wanda bai saba ba, amma umarnin da mai farawa yake bukata bai kai goma ba.

Abu na farko, wanda sau ɗaya ake yinsa, shi ne mutum ya gaya wa Git sunansa da adireshin imel ɗinsa, domin su ne sa hannun da zai riƙa fitowa a kowane zango:

git config --global user.name "Sunan Mai Shi"

git config --global user.email "adireshin imel ɗinsa"

Daga nan sai a shiga foldar da ake so a kula da ita. A Windows, hanya mafi sauƙi ita ce a danna foldar da maɓallin dama na linzami a zaɓi buɗe Git Bash a nan. Sai a rubuta:

git init

Rumbu ya samu ke nan, amma babu kome a cikinsa tukuna. A ce akwai fayil mai suna babi1.txt a foldar. Sai a ɗora shi a shimfiɗa, kana a yada zangon farko:

git add babi1.txt

git commit -m "An fara babi na ɗaya"

Abin da ke tsakanin alamun zance shi ne bayanin zangon, ana kuwa iya rubuta shi da Hausa. Wanda yake so ya ɗora duk fayilolin foldar gaba ɗaya sai ya sa ɗigo a maimakon sunan fayil, watau git add da ɗigo a gabansa. Shi ke nan. Daga yau aikin bai wuce wannan ba: a yi rubutu a adana kamar yadda aka saba, a ɗora a shimfiɗa, a yada zango.

Akwai umarni guda da ya kamata ya zama abokin mai farawa, watau git status. Ba ya sauya kome, ba ya ɓata kome. Yana faɗin fayilolin da aka taɓa tun bayan zangon ƙarshe, da waɗanda ke kan shimfiɗa, da waɗanda Git ba ta san da su ba. Duk lokacin da mutum ya rikice, da shi zai fara. Ga masu rubutun Hausa akwai ɗan ƙarin bayani a nan. Idan sunan fayil yana da ƙ ko ɗ ko ɓ, Git takan nuna shi da wasu alƙaluma barkatai a wurin harafin. Fayil ɗin lafiyarsa lau, nunin ne kawai haka, kuma wannan umarni yana gyara shi:

git config --global core.quotepath false

Bayanin zango

A nan ne ake gane wanda zai ci moriyar wannan dabara da wanda zai yi wahalar banza. Manhaja tana iya riƙe kwanan wata da kalmomin da aka sauya, amma ba ta san abin da ke zuciyar mai rubutu ba. Idan ɗalibin nan ya yada zango 60, kowanne bayaninsa "gyara" ko "sabo", to, bai rabu da tsohuwar matsalarsa ba, wuri kawai ya sauya mata. Ranar da ya zo neman sakin layin da ya cire a watan Maris, sai ya buɗe zangunan ɗaya bayan ɗaya, kamar dai yadda yake buɗe kwafin nan nasa a da.

Bayani mai kyau yana faɗin abin da aka yi, in da hali kuma ya faɗi dalili. Alal misali: "An cire sashen tarihin gari daga babi na 2, malam ya ce ya yi tsawo". Ko kuwa a wajen sakataren ƙungiya: "An mai da kuɗin wata N500 bisa shawarar babban taro". Mai rubuta irin wannan bayani ya riƙa tunawa cewa wanda zai karanta shi baƙo ne, ko da kuwa shi kansa ne bayan wata takwas, don a lokacin ya manta kome.

Tambayar da aka fi yi ita ce, sau nawa ya kamata a yada zango? Babu doka, amma gara a yawaita. Duk lokacin da aka kammala wani abu guda da za a iya faɗinsa a jimla ɗaya, lokacin zango ya yi. Haka nan kafin a shiga wani babban gyara mai hatsari, kamar sauya jerin babi ko yanke shafi 10. Kada a ji tsoron cika kwamfuta: Git ba ta sake ajiye fayil ɗin da ba a taɓa ba, kuma tana matse abin da ta ajiye, saboda haka tarihin littafi sukutum na rubutu zalla sau da yawa bai kai nauyin 'yan hotunan waya ba. Wanda ya bari sai ƙarshen mako ya tattara aikin kwana bakwai a zango ɗaya ya rage wa kansa wuraren komawa daga ashirin zuwa ɗaya.

Duba baya da komawa baya

Umarnin da ke nuna jerin zanguna, na baya-bayan nan a sama, shi ne:

git log --oneline

Kowane layi zai fito da gajeriyar lamba da bayaninta. Shi kuwa git diff yana nuna abin da aka sauya tun bayan abin da aka adana na ƙarshe: layin da aka cire da alamar ɗebewa a gabansa, wanda aka ƙara da alamar tarawa. Yana da kyau a riƙa duba shi kafin kowane zango, domin sau da yawa a nan mutum yake ganin ya goge wani abu bisa kuskure bai sani ba. Da yake Git layi-layi take kwatantawa, marubuta da yawa sukan sa kowace jimla a layinta, don in an sauya kalma ɗaya kada a nuna musu sakin layi gaba ɗaya a matsayin sabo.

A ce lambar zangon da ake nema ita ce 3f9a2c1. Wanda yake so ya karanta tsohon rubutun kawai, ba tare da ya taɓa na yanzu ba, sai ya rubuta:

git show 3f9a2c1:babi1.txt

Wanda kuwa yake so tsohon ya dawo ya maye gurbin na yanzu, sai ya rubuta:

git restore --source=3f9a2c1 babi1.txt

Bayan haka sai ya ɗora a shimfiɗa ya yada sabon zango, ya bayyana cewa an koma rubutun ranar kaza. Zangunan da ke tsakani suna nan ba su tafi ko'ina ba, in ya sake shawara gobe zai same su.

A nan akwai gargaɗi. Umarnin restore, wanda aka shigo da shi cikin Git a 2019, yana shafe duk gyaran da ba a kai shi zango ba a cikin wannan fayil, kuma ba ya neman izini sau biyu. Git tana kare abin da aka damƙa mata ne kaɗai. Aikin sa'a uku da ba a yada wa zango ba, in restore ya hau kansa, babu mai dawo da shi. Don haka a duba git status tukuna, in akwai sabon aiki a adana shi, sa'an nan a koma baya.

Akwai kuma abin da ake kira reshe, wanda ke ba mutum damar gwada wata hanya dabam, kamar sake tsarin littafi, ba tare da ya taɓa gangar jikin aikin ba. In gwajin ya yi kyau a haɗe, in bai yi ba a bar shi. Abu ne mai amfani ƙwarai, amma mai farawa ya bari sai hannunsa ya faɗa da abin da ya gabata.

Fayilolin da suka dace da waɗanda ba su dace ba

Git an gina ta ne don rubutu zalla, irin fayilolin da sunansu ke ƙarewa da txt ko md ko csv ko tex ko html. A kansu ne take nuna duk gwanintarta. Fayil ɗin Word mai ƙarewa da docx, da na Excel mai ƙarewa da xlsx, a zahiri ƙunshi ne na ƙananan fayiloli da aka matse wuri guda. Git za ta adana su, za ta kuma dawo da na kowace rana daidai yadda yake, amma ba za ta iya nuna wace jimla aka sauya ba; iyakarta ta ce fayil ɗin ya sauya. Wannan ma ci gaba ne a kan tara kwafi, sai dai nauyin duka ya koma kan bayanin zango, dole ya zama cikakke. Wanda aikinsa rubutu ne tsantsa, kamar mai fassara ko marubucin labari, zai fi samun riba in ya yi rubutunsa a fayil na rubutu zalla, ya adana da tsarin UTF-8 don haruffan Hausa masu ƙugiya su fito daidai, sai a ƙarshe ya kai shi Word don ado da bugawa.

Hotuna masu yawa, da bidiyo, da sauti, ba wurinsu ba ne nan. Duk lokacin da aka ɗan taɓa bidiyo, Git za ta ajiye sabo kusan cikakke a gefen tsoho, rumbu ya yi ta kumbura. Idan akwai irin waɗannan a foldar, sai a buɗe fayil mai suna .gitignore a rubuta sunayensu a ciki, kowanne a layinsa, Git za ta kau da kai daga gare su. Har ila yau, kada a ce za a sa kwamfuta gaba ɗaya a rumbu ɗaya. Kowane aiki da foldarsa da rumbunsa: kundi dabam, takardun ƙungiya dabam, lissafin shago dabam.

Rumbu ɗaya bai isa ba

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne mutum ya ɗauka cewa tunda yana da tarihi, to, ya tsira daga asara. Rumbun yana cikin foldar, foldar tana cikin kwamfutar. In ɓarawo ya ɗauke ta, ko wutar lantarki ta dawo da ƙarfi ta ƙone ta, ko ruwa ya shige ta, da rubutun da tarihinsa tare za su tafi. Maganin wannan shi ne a sami rumbu na biyu a wani wuri. Hanya mafi sauƙi ita ce a riƙa kwafe foldar dungurungum, har da ɓoyayyiyar .git, zuwa filashi ko wani faifan ajiya, a kuma ajiye shi ba a jakar da kwamfutar take ba.

Hanya ta biyu ita ce a buɗe rumbu a ɗaya daga cikin shafukan da ke wannan hidima, kamar GitHub ko GitLab. A lura cewa Git dabam, GitHub dabam: Git manhaja ce da ke cikin kwamfutar mutum, GitHub kuwa kamfani ne da aka buɗe a 2008, wanda Microsoft ya saya a 2018 a kan dala biliyan 7.5. Bayan an haɗa rumbunan biyu bisa bayanin da shafin yake bayarwa, git push yana tura sababbin zanguna can, git pull yana jawo su zuwa wata kwamfutar, git clone kuma yana sauko da rumbun gaba ɗaya a sabuwar kwamfuta. A nan ne kawai ake bukatar intanet, kuma sabon abin da aka ƙara kaɗai ake turawa. GitHub ba ya karɓar fayil guda da ya wuce megabait 100, wanda wannan wani dalili ne na barin bidiyo a waje.

Ajiyar da ba a taɓa gwadawa ba kuwa ba abin dogaro ba ce. A 1998, lokacin da kamfanin Pixar na Amurka yake shirya fim ɗin Toy Story 2, an ba da umarnin gogewa bisa kuskure, mafi yawan fayilolin fim ɗin suka salwanta. Da aka juya ga ajiyar kamfanin sai aka tarar ta daɗe da samun matsala ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne kwafin da ke kwamfutar gidan wata ma'aikaciya wadda ta haihu take aiki daga gida. In haka ta sami kamfani mai injiniyoyi, to, mai filashi ɗaya ya kamata lokaci-lokaci ya soka ta a wata kwamfuta, ya buɗe foldar, ya rubuta git log, ya tabbata zangon jiya yana ciki.

Abin da bai kamata ya shiga rumbu ba

Kyawun wannan dabara shi ne ba ta mantuwa, hatsarinta ma shi ne wannan. Idan mutum ya sa kalmar sirrinsa, ko lambar katin banki, ko lambar BVN ko NIN a cikin fayil ya yada zango, gobe ya goge ta ya sake yada wani, lambar tana nan daram a tsohon zangon, duk wanda ya sami rumbun zai iya karanta ta. Akwai hanyoyin kankare tarihi, amma suna da wuya ga mai farawa, kuma in an riga an tura rumbun intanet, ba a san wanda ya kwafa ba. Wanda haka ta same shi da kalmar sirri, kada ya tsaya gogewa. Ya sauya ta nan take.

Shafukan nan suna da rumbu iri biyu, na fili wanda kowa a duniya yake iya gani, da na keɓe wanda sai mai shi da wanda ya ba izini. Tun 2019 GitHub yake ba da na keɓe kyauta. Takardun mutum na kansa a na keɓe ya kamata su zauna, kuma a duba da kyau lokacin buɗewa wanne aka zaɓa. Sakataren da ke riƙe da sunaye da lambobin wayar 'yan ƙungiya ya tuna cewa amana ce a hannunsa, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan masu riƙe da bayanan wasu. Ma'aikacin gwamnati kuwa ba shi da izinin ɗora takardun ofis a shafin wani kamfani don raɗin kansa, ko da a rumbun keɓe ne. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 da ƙa'idojin aiki sun shafi takardar kwamfuta kamar yadda suka shafi ta cikin kabad.

Ga wanda ba ya son rubuta umarni

Ba lalle ba ne kowa ya bi ta baƙin allo. Akwai manhajoji irin su GitHub Desktop da TortoiseGit waɗanda suke yin aikin Git ta hanyar danna maɓallai, rumbun kuwa iri ɗaya ne. Haka nan Google Docs yana riƙe tarihin takarda da kansa, yana kuma ba da damar a sa wa wani matsayi suna. OneDrive da Dropbox su ma suna ajiye tsofaffin siffofin fayil. Ga mai wasiƙa ɗaya ko biyu wannan ya wadatar. Sai dai ya san iyakarsu: tarihin yana hannun kamfani, ana bukatar intanet kafin a kai gare shi, kuma wasu suna da wa'adi, kamar Dropbox na kyauta da yake riƙe tsohuwar siffa kwana 30 kawai. Wanda zai dogara da ɗayansu ya fara bincika wa'adin tukuna.

Wanda ya zaɓi Git kuwa, kada ya fara da kundinsa ko takardun ƙungiya. Ya buɗe sabuwar folda ta gwaji, ya rubuta layi biyar a fayil ɗaya, ya yada zango uku, sa'an nan ya goge fayil ɗin da gangan, ya dawo da shi da restore. In ya yi haka sau biyu ko uku ba tare da duba wannan takarda ba, sai ya kwafe foldar aikinsa na gaske zuwa filashi, kana ya shiga cikinta ya rubuta git init.